Abin Da Ya Sa Mutane Ke Ɗaukar Kansu Hoto

A wannan mako ina so mu yi magana a kan wata al'ada wadda ta zama ruwan dare game duniya cikin 'yan shekaru kaɗan, har ta kai ba mai juyawa ya dubi mai yinta. Za ka ga mutum da hankalinsa, babba ko yaro, ya tsaya tsakiyar taro ko bakin hanya, ya miƙe hannu da waya, ya karkata kai, ya yi wa tafin hannunsa murmushi. Da a zamanin kakanninmu ne aka ga mutum yana haka, da sai a tafi nema masa magani. Turawa suna kiran wannan abu salfi, mu kuwa muna cewa hoton ɗauki-kanka. Sunan nan na Turanci an fara ganinsa a rubuce a 2002 a ƙasar Ostireliya, sa'ad da wani saurayi ya faɗi ya fasa leɓe, ya ɗauki hoton leɓen ya nuna wa abokan hirarsa a intanet. Bayan shekara 11 masu ƙamus na Oxford a Ingila suka zaɓe shi ya zama kalmar shekarar 2013, suka ce cikin shekara guda yawan amfani da shi ya ƙaru da kashi 17,000 cikin ɗari.

Dattawa da yawa in ka tambaye su dalilin wannan al'ada, amsa ɗaya su ke bayarwa, wai yaran zamani sun cika son kansu, yabon kai kuwa jahilci. Ban ce babu gaskiya cikin maganarsu ba, amma a ganina amsar ta yi gajarta, domin son mutum ya ga fuskarsa, wasu kuma su gan ta, ya girmi waya nesa ba kusa ba. Abin da na ke so in nuna shi ne, hoton nan asalinsa gaisuwa ne da shaida, kuma abin da ya sa ya cika duniya shi ne dai ya ɓata shi, watau ƙirgen yabo da 'yan kasuwa suka rataya masa.

To, mu fara daga baya. Kafin a ƙago na'urar ɗaukar hoto, wanda ke son siffarsa ta zauna a bayansa sai ya nemi gwanin zane ya biya shi, shi ya sa siffofin da suka zo mana daga wancan zamani yawancinsu na sarakuna ne da attajirai. Gwanayen zanen kuwa sukan sa madubi gaba su zana kansu. Wani Bajamushe, Albrecht Dürer, ya zana kansa a 1500 yana da shekara 28, sanye da riga ta alfarma, yana duban mai kallo ido da ido. Rembrandt mutumin Holan, wanda ya rasu a 1669, ya bar siffofin kansa fiye da 60, tun yana saurayi mai tashe har ya tsufa, bashi ya ci dukiyarsa. Talaka kuwa yakan rayu ya mutu, jikansa bai san kamarsa ba sai abin da tsofaffi suka gaya masa.

A 1839 aka bayyana hikimar ɗaukar hoto ta Daguerre a birnin Faris. Shekarar ba ta fita ba sai da wani mutumin Filadelfiya a Amurka, Robert Cornelius, wanda gidansu ke sana'ar ƙera fitilu, ya kafa akwatinsa, ya buɗe idon na'urar, ya zauna gabanta ba motsi har siffarsa ta kama. Hoton yana nan ajiye a ɗakin littattafan majalisar Amurka. Ka ga ke nan, da ɗan Adam ya sami na'urar, cikin abubuwan da ya fara juya ta a kansu har da fuskarsa. A 1900 kamfanin Kodak ya fito da ƙaramin akwati mai suna Brownie a kan dala 1, hoto ya shiga gidajen masu ƙaramin ƙarfi a Turai da Amurka. Da irin wannan akwati ne Anastasiya, 'yar Sarkin Rasha na ƙarshe, ta tsaya gaban madubi a 1914 tana da shekara 13, ta ɗauki kanta, ta aika da hoton cikin wasiƙa. Me ya raba ta da 'yar makarantar yau, in ba tsawon lokacin da wasiƙa ke ɗauka a hanya ba?

Ko a nan Afirka ta Yamma, gyara zama gaban mai hoto da nuna abin da ba a mallaka ba tsohon labari ne. Seydou Keïta, wanda ya buɗe ɗakin hotonsa a Bamako a 1948, yakan ajiye rediyo, da agogo, da alƙalami, da keke, da babur, da kwat irin ta Turawa, wanda ya zo ya ari abin da ya ke so a gan shi da shi. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin mai hoto a garuruwanmu ya san kwatankwacin haka, mutum ya ɗora hannu a kan wayar tarho wadda ba a haɗa ta da kome ba, bayansa labule mai zanen bene. Saboda haka dattijon da ke zagin jikansa, ya fara duba hoton samartakarsa da ke rataye a zaure tukuna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Sai dai a wancan zamani hoto yana da tsada da wahala. Fim guda hoto 24 ko 36 ya ke ɗauka, sai an kai an wanke, ka jira kwanaki, in ka ƙifta ido lokacin ɗauka kuɗinka ya tafi. Kuma iko duka yana hannun mai hoto, shi ke cewa ɗaga kai, sunkuya, kada ka motsa. Mutane da yawa ba su taɓa samun hoto ba sai wanda hukuma ta nema, na fasfo ko na katin shaida, fuska a murtuke kamar mai jiran hukunci.

Abin da ya sauya al'amarin shi ne ƙaramin ido da aka sa a fuskar waya. A 1999 kamfanin Kyocera na Japan ya sayar da waya mai kyamara a gaba. A 2000 kamfanin Sharp ya fito da tasa, kyamararta a baya, amma ya maƙala ɗan madubi kusa da ita don mai ɗaukar kansa ya ga inda fuskarsa ta ke. A 2010 kamfanin Apple ya sa kyamarar gaba a wayarsa iPhone 4. Manufarsa ita ce masu magana ta waya su riƙa ganin juna, amma jama'a suka mai da ita madubi mai riƙe siffa. Daga nan mutum ya zama shi ne mai hoto, shi ne wanda a ke ɗauka, shi ne kuma mai zaɓe. Yana iya ɗaukar 20, ya share 19, ba a ce ya biya ko anini ba.

Akwai kuma wani sirri cikin wannan madubi. A 1977 wasu masana a Amurka suka nuna wa mutane hotunansu iri biyu, ɗaya yadda kyamara ta ɗauka, ɗaya an juya shi yadda madubi ke nunawa. Yawancinsu suka fi son na madubin, abokansu kuwa suka fi son na kyamarar, domin kowa ya fi son fuskar da ya saba gani. Kyamarar gaba tana nuna maka kanka ne kamar madubi sa'ad da ka ke shirin ɗauka, watau fuskar da ka sani tun kana yaro. Mu baƙaƙen fata kuma muna da namu dalili na dabam. Wayoyin farko ba su iya ɗaukar baƙar fuska da kyau, musamman da dare, sai ka ga haƙora da idanu kawai. Kamfanin Transsion na ƙasar Sin, mai yin Tecno da Itel da Infinix, ya lura da haka, ya gyara kyamarorinsa don su fito da baƙar fata sarai, ya kuma sauƙaƙa kuɗi. A 2017 ya wuce Samsung wajen yawan wayoyin da aka sayar a Afirka.

To, na'ura ta samu. Me mutane ke nema da ita? Na fari dai gaisuwa. Ɗan ci-rani da ke Ikko, ko ɗalibi da ke karatu a Alƙahira, da can sai ya rubuta wasiƙa, uwarsa ta nemi mai karanta mata, ya ce lafiya lau ya ke, ita kuwa ba ta da hanyar sanin ko gaskiya ya faɗa. Yau yakan aiko mata da fuskarsa, ta duba da idonta ko ya rame, ko yana cikin damuwa, don Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Wannan wasiƙa ce wadda ba ta bukatar boko ko ajami. Na biyu shaida, gama gani ya kori ji. Wanda ya je wani gari mai nisa, ko ya sadu da wani babban mutum, ko ya gama makaranta, yana so a san shi ɗin ne ya je, ba labari ya ji ba. Ko Buzz Aldrin, ɗan sama-jannatin Amurka, da ya fita daga kumbonsa a sararin samaniya a 1966, sai da ya juya kyamara ya ɗauki kansa, duniya tana bayansa. Na uku ajiya don gobe. Mutane nawa ne yau abin da ya rage musu na mahaifinsu ko ɗan'uwansu shi ne wani hoto da suka haɗa kai suka ɗauka ranar Salla, ba tare da sun san ita ce ta ƙarshe ba? Na huɗu, wanda ba a cika faɗa ba, shi ne mutum ya mallaki fuskarsa. Talakan da a da wasu ke ɗaukarsa yadda suka ga dama, baƙo ya ɗauke shi cikin tsumma ya kai ƙasarsu ya nuna, yanzu shi ke zaɓen rigar da za a gan shi da ita. Ni ban ga abin zargi cikin ko ɗaya daga cikin waɗannan huɗu ba.

Amma waɗannan dalilai ba su isa su bayyana yawan da abin ya yi ba. A 2014 kamfanin Google ya ce masu wayoyin Android kaɗai suna ɗaukar hoton ɗauki-kanka miliyan 93 kowace rana. Gaisuwar iyaye da tafiye-tafiye ba su kai wannan adadi ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ga abin da ya tsamar da shi. A 2009 Facebook ya sa wani ɗan maɓalli mai siffar babban yatsa a ƙarƙashin kowane hoto da kowace magana, wanda abin ya burge shi ya danna, na'ura kuma ta ƙirga ta nuna wa kowa adadin. A watan Oktoba na 2010, watanni kaɗan bayan fitowar iPhone 4, aka buɗe Instagram, wadda ba ta da wani aiki sai hotuna da ƙirgen masu yabawa. A 2012 Facebook ya saye ta a kan dala miliyan 1,000, alhali kuwa ma'aikatanta 13 ne kawai. Banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanonin nan talla su ke sayarwa, kuma gwargwadon daɗewar idonka a kan waya, gwargwadon abin da masu talla za su biya su. Sun kuwa san abin da ke tsai da ido. Wani bincike da aka yi a 2014 a kan hotunan Instagram fiye da miliyan ɗaya ya nuna hoton da ke da fuskar mutum ya fi wanda ba shi da ita samun yabo da kashi 38 cikin ɗari. Fuskarka ke nan ta zama hajar da su ke kasawa, kai kuma ka kai musu ita kyauta.

Su kuma masana halin ɗan Adam sun gano inda abin ke kama mu. A 2012 wasu malaman Jami'ar Harvard suka nuna cewa in mutum yana ba da labarin kansa, sashen ƙwaƙwalwar da ke motsawa sa'ad da ya sami abinci ko kuɗi shi ne ke motsawa, har waɗansu cikin waɗanda aka gwada suka yarda su rasa 'yan kuɗi kaɗan don a bar su su yi magana a kan kansu. A 2016 aka gwada samari da 'yan mata 32 a wata jami'a a Los Anjelos, aka ga wannan sashe yana ƙara motsi in sun ga hotonsu ya sami yabo mai yawa. Mu Hausawa ba ma bukatar na'ura ta gaya mana daɗin yabo, don mun san abin da ke sa mutum ya cire rigarsa ya ba maroƙi. Amma a al'adarmu yabo yana da ƙa'ida, wani ne ke yi maka, a ranar biki ko suna, in an gama kowa ya kama gabansa. Mai yi wa kansa kirari sai ɗan dambe da ɗan tauri da mafarauci, su ma a fage, kuma sai sun nuna aiki. Yau kuwa an mai da kowa maroƙin kansa, dare da rana, ladansa kuma lamba ce wadda ba ta cika ciki, in ta jiya ta kai 100, ta yau in ta tsaya a 60 sai zuciya ta ɓaci.

Manya kuma suka ɗaure wa abin gindi. A 2013 Fafaroma Faransis ya tsaya da wasu matasa a fadarsa aka ɗauka. A watan Disamba na wannan shekara, wurin taron tunawa da Nelson Mandela a Johannesbag, aka ga Shugaba Obama na Amurka da Firayim Ministan Ingila David Cameron sun haɗa kai da Firayim Ministar Denmak suna ɗauka, jaridu suka yi ta surutu a kan ko ya dace a wurin makoki. A 2014, a bikin ba da kyautar Oscar ga 'yan fim a Amurka, mai gabatarwa Ellen DeGeneres ta tara taurari aka ɗauki hoto ɗaya, kafin gari ya waye an yaɗa shi fiye da sau miliyan 2 a Twitter, wadda yanzu a ke kira X. Wayar da aka ɗauka da ita kuwa ta Samsung ce, kamfanin da ya biya kuɗi mai yawa na talla a wannan biki. Yaro ya ga sarakunan duniya suna yi, wa zai hana shi?

Yanzu mu dubi abin da aka biya. Likitoci a babbar makarantar likitanci ta Indiya da ke Delhi sun tattara labaran jaridu, suka buga a 2018 cewa daga Oktoba 2011 zuwa Nuwamba 2017 mutum 259 suka mutu garin ɗaukar kansu hoto. Matsakaicin shekarunsu wajen 23, kusan kashi uku cikin huɗu maza ne, kuma nutsewa a ruwa ita ta fi kashe su, sa'an nan jirgin ƙasa da mota da faɗowa daga wuri mai tsawo. A 2015 hukumar cikin gida ta Rasha ta fito da takardun gargaɗi a kan haka, a 2016 kuma 'yan sandan Mumbai suka hana ɗauka a wurare 16 na birnin. Kai mai karatu, tambayi kanka, wanda zai aika wa uwarsa gaisuwa yana bukatar ya tsaya gaban jirgin ƙasa? Ba ya bukata. Mai tsayawa can lamba ya ke nema a wurin mutanen da ba su san sunan ubansa ba.

Akwai kuma wata hasara wadda ba ta zub da jini. Hoton da aka ɗauka da tsawon hannu ba ya faɗin gaskiyar fuska. Likitoci a Amurka sun lissafa a 2018 cewa in kyamara tana nesa da fuska inci 12, hanci yakan fito da faɗi wajen kashi 30 cikin ɗari fiye da yadda zai fito daga nisan ƙafa 5. Ga kuma manhajojin da ke goge tabo, su siranta hanci, su haskaka fata, har yarinya ta dubi madubin ɗakinta ta ga ba ta kai hotonta kyau ba. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida na kamfanin, aka ga binciken nasu da kansu ya nuna kusan ɗaya cikin uku na 'yan mata sun ce in suna jin ba daɗi game da jikinsu, Instagram tana ƙara musu. A cikin wannan shekara ce kamfanin ya ba kowa damar ɓoye adadin masu yabawa. Wanda ya ba ka murfin rufe abu, ai ya san abin yana da wari.

Wani zai ce, tun da haka ne a hana yara mana baki ɗaya. Ni ban goyi bayan wannan ba. Na farko ba zai yiwu ba, na biyu kuma za a zub da tsaba tare da ƙaiƙayi, a hana uwa ganin fuskar ɗanta don wani ya faɗa rijiya. Wani kuma zai ce wasa ne kawai, a ƙyale su. Wannan ma ban yarda ba, domin wasan da wasu ke tara dukiya da shi, wasu kuma ke rasa rai da kwanciyar hankali, ya cancanci a tsaya a duba shi.

Shawarata ga matasa mai sauƙi ce. Kafin ka ɗaga waya, tambayi kanka wa za ka nuna wa. In amsar tana da suna, inna ce, ko yaya, ko aboki, ko kai kanka in ka tsufa, to ɗauki abinka, ka yi gaisuwa. In kuwa amsar ita ce duk wanda ya gani, kuma ka san bayan ka saka za ka riƙa komawa kana duba lamba kamar mai jiran sadaka, to ka san roƙo ka fita. Ka kuma tuna hoton da ya bar hannunka ba ya dawowa, wanda ka ɗauka cikin raha yau yana iya fitowa ranar neman aure ko neman aiki. Kada ka jawo fuskar wani cikin hotonka sai da izininsa, balle marar lafiya, ko wanda ya yi haɗari a hanya, ko mabukacin da ka ba sadaka. Iyaye kuwa, maimakon zagi, su koya wa 'ya'yansu inda a ke ɓoye lambar nan, su kuma riƙa yaba musu a gida, gama yaron da ya ƙoshi da yabon iyayensa ba ya cika nemansa a kasuwa.

Daga ƙarshe, ko hoton gaisuwar ma yana da iyakarsa. Fuskar da ka aika ta waya ba ta ɗauko wa tsohuwa ruwa, ba ta zauna kusa da majinyaci. Zumunci a ƙafa ya ke. In hanya ta yi nisa, aika hoton, in kuwa gidan yana bayan kasuwa ne, sa wayar a aljihu ka taka ka je. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu. Haza wasalam.